Jajibirin Walimar Barira

Tun la'asar na dawo daga Farin Gada,
kwando a ka, abarba biyu a hammata.
Mai kankana ya rantse mini ja ce,
na fasa ta a tsakar gida, ga ta fari fat
kamar idon wanda aka kama da ƙarya.
Ba komai, zoɓo zai rufa mata asiri.

Gobe Barira za ta karɓi takardarta,
shekara uku tana koyon aikin jinya.
Ta ce, "Yaya, kar a sayo lemon kwalba,
ki haɗa mana irin na Inna."
Irin na Inna! Wa ya rubuta shi?
Tafin hannunta ne mudu, harshenta ne sikeli,
kuma ta tafi da su duka biyun
bara da damina, ranar wata Laraba.

Na tafasa zoɓon da ɓawon abarba,
citta mai yatsu, kanumfari bakwai,
na takwas ya faɗa da kansa, na ƙyale shi.
Na jiƙa tsamiya a kwanon sha,
na matse lemon tsami har ya nemo
inda wuƙa ta yanke ni ɗazu.
Na ɗanɗana. Da daɗi.
Amma ba shi ba ne.

Ƙarfe takwas, ina cikin markaɗa gwanda,
injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Gangare ta ce "Kai!" da baki ɗaya.
Ƙanƙarar da na tara kwana uku
ta fara zubar da hawaye a firji,
ni ma saura kaɗan.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙyaure.
Ngo Kachollom ce, da tocila da rigar sanyi,
ƙawar Inna tun suna kasa kayan miya a Taminus,
kafin wuta ta ci kasuwar.
Ta daɗe ba ta tsallako titin nan ba,
mu ma mun daɗe ba mu tsallaka nata ba,
kowa ya san dalili, ba mai faɗa.
Ta dire roba cike da sitiroberi
daga gonar ɗanta can wajen Vom,
da sauran jar ƙasa a gindinsu.

Ba ta zauna ba, ludayi ta nema.
Ta kurɓa, ta rufe ido, ta taune leɓe.
"Kin yi gaggawar sukari, 'yata,
uwarki sai ya huce take zubawa.
Ina na'a-na'a? Murza shi a tafi tukuna.
Sannan gishiri, abin da yatsa biyu suka ɗauka."
Na ce, "A ina kika sani?"
Ta yi dariya har tocila ta girgiza:
"Ni na koya mata gishirin,
ita ta koya mini tsamiyar."

Muka dama 'ya'yan a ƙwarya da bayan ludayi,
muka tace da sabon kallabi,
hannuwanmu suka rine kala ɗaya.
Na yi mata ƙorafin ƙanƙara.
Ta ce, "Kin manta a Jos kike?
Kai bokitan waje, dare ya yi aikinsa."
Muka rufe su da faifai, muka ɗora dutse
saboda kyanwar gidan Malam Sale.

Da asuba zoɓon na kama haƙori.
Na jera kofuna, na yanka lemo siriri,
kowane kofi da nasa a gefe.
Barira ta fito da farar rigarta a hannu,
ta kurɓi ɗaya a tsaye.
Ba ta ce komai ba.
Ta daɗe tana kallon bakin ƙofar ɗakin Inna,
sannan ta cika gora har wuya,
ta tambaye ni wace mota ke zuwa gidan Ngo.